Sunan Maman Austin

Gyadi-Gyadi, Kano
4 ga Satumba

Zuwa ga Malamina, Farfesa Shehu,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da 'yarka Rukayya da yaranta. Ya ƙarfin jiki? Ya kuma kunnen nan da ka ce ya riga ka yin ritaya? Tunda ka hana a yi maka ihu a waya, ka kuma ce saƙon waya na masu gaggawa ne, ga ni na ɗauki biro daga Gyadi-Gyadi zuwa Tarauni, tafiyar da tsohuwa za ta yi ta dawo tuwonta bai huce ba.

Malam, littafina ya jawo mini magana. Ka san Ruwan Jego, kai ka rubuta masa gabatarwa. Ka kuma san mace ɗaya ce ƙashin bayansa: matar nan Ibo da ta zo Kano tana amarya, ta shafe shekara arba'in da ɗoriya tana yi wa matan layinmu wankan jego, Musulmi da Kirista, duk wadda ta haihu babu uwa a kusa. A nan kowa Maman Austin yake ce mata. A littafin na bi ƙa'ida ta bakwai ta ƙungiyarmu ta masu nazarin al'umma da al'adu, wadda kai ka tsara da hannunka, cewa a sakaya sunan duk wanda aka yi hira da shi. Sai na sa mata Madam Precious.

Ashe akwai Precious ta gaske a Unguwar Gano, mai sayar da busasshen kifi, wadda ko ɗan mage ba ta taɓa yi wa wanka ba. Da aka karanta babi na uku a gidan rediyo, jama'a suka yi ta zuwa shagonta suna yi mata san barka. Ita kuwa ba ta ce ita ce ba, ba ta ce ba ita ba ce. Murmushi kawai take yi tana auna kifi.

Na je wajen Maman Austin da nufin mu yi dariya tare. Na tarar da ita tana tsince ganyen darbejiya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Tabita, sata na yi?"

Na ce, "Haba Mama, wace irin sata?"

Ta ce, "To a rediyo su wa ake sakaya wa suna? Ba ɓarawo ba ne, da wadda ta jefar da jariri a kwata? Wanne na yi a ciki?"

Na fara yi mata bayanin ƙa'ida, ta miƙe ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Tun daga ranar ba ta ɗaga wayata ba. Malam, na ji zafin abin har cikin raina, don matar nan ba abin bincike ba ce kawai a wajena. Ka san Inna ta rasu, kuma ka ga yadda nake tafe da ƙyar da cikin nan a 'yan kwanakin nan. Ita ta yi alkawarin yi mini nawa wankan. Ga shi 'ya'yanta sun yanke shawarar mayar da ita ƙauyensu a Gabas da Kirsimetin bana, wai ta tsufa da zaman kaɗaici. In ta tafi a haka, ta bar Kano da sunan mai kifi a kan aikinta.

Ga buƙatata. Za a sake buga littafin a ƙarshen shekara, kuma taron ƙungiya na bana a Kano za a yi shi, cikin Nuwamba. Zan kawo ƙuduri a gyara ƙa'ida ta bakwai, don in sa sunanta na gaskiya a bugu na biyu. In kai ka ɗaga hannu, rabin ɗakin zai ɗaga. Ka mara mini baya.

Maigidana Daniel yana gaishe ka. A huta lafiya.

Ɗalibarka,
Tabita Dauda


Tarauni, Kano
11 ga Satumba

Zuwa ga Dakta Tabita Dauda,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da maigidanki. Takardarki ta iso. Kunne yana nan yadda kika san shi, kuma ban ga ya yi asarar komai ba a hayaniyar zamanin nan. Allah Ya sauke ki lafiya.

Kin ga na kira ki Dakta, kin san ke nan amsata ba za ta yi miki daɗi ba. Batun mai kifi ya ba ni dariya har Rukayya ta leƙo ta ga ko lafiya. Amma dariya daban, ƙa'ida daban.

Bari in gaya miki asalin ƙa'ida ta bakwai, tunda ba a haife ki ba sa'ad da ta samo tushe. Ina ƙaramin malami, wani Bature mai irin aikinmu ya zauna a wani ƙauye, wani dattijo ya saki jiki da shi, ya nuna masa ɗakin da mahaifiyarsa take ajiye kayan bori. Baturen ya koma ƙasarsu ya buga komai, da sunan dattijon da na unguwarsa. Littafi ba shi da ƙafa, amma yana tafiya. Ya dawo ƙauyen ta hannun wani ɗan boko. Dattijon ya rasa wurinsa a sahun gaba, masu neman 'ya'yansa suka janye, Baturen kuwa ya samu ƙarin girma. Na ga dattijon da idona bayan haka, ban kuma manta fuskarsa ba.

Ba don ranar rediyo muka yi ƙa'idar ba, don ranar da gari ya ɓaci muka yi ta. Ke haifaffiyar Kano ce, iyayenki daga Kudancin Kaduna suka zo, ba sai na faɗa miki cewa garin nan namu wani lokaci yakan tashi da ƙafar hagu ba. Mace Ibo, Kirista, da sunanta da layinta a rubuce, an ce tana shiga ɗakunan matan Musulmi. Yau abin yabo ne. Gobe wani mai neman fitina zai iya karanta shi ta wata fuskar. Rigakafi ya fi magani.

Sannan ki gyara wa baiwar Allah fahimta. A wajen Bahaushe sakaya suna ba zagi ba ne, girmamawa ce. Matata marigayiya Hajara har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa ambaton sunana ba, "Malam" take cewa. Ni ma har yau ba na kiran sunan ɗan farina. Wanda ake jin nauyinsa shi ake yi wa alkunya.

Saboda haka ba zan goyi bayanki ba. In kuma kika sa sunan ba da izinin ƙungiya ba, kin san hukuncin, kuma ba zan roƙa miki sassauci ba. Kin fi duk ɗaliban da na koyar kaifin ido, shi ya sa ba na so ki yi amfani da zuciya a inda ake buƙatar kai.

Wassalam.

Malaminki,
Shehu


Gyadi-Gyadi
Ranar Lahadi, bayan coci

Tabita 'yar Dauda,

Ina gaishe ki, ya nauyin jiki? Kina shan ruwa da yawa kuwa? Ki daina zama a kujerar nan mai tsawo, ƙafarki za ta kumbura.

Daniel ya kawo mini bayanin da malaminki ya yi. Na rubuto ne don in na ga fuskarki zan huce, ni kuwa ban shirya hucewa ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, Hausar bakin murhu ce, boko kuma na ajin manya ne da muka yi da matan layi.

Wai girmamawa. To ji nan. Na shigo layin nan ana ce mini Amarya. Da na haifi Austin aka koma Maman Austin. Austin ya yi ciwo ya mutu yana saurayi, kin sani, amma sunan ya zauna. Ba na fushi da kowa, don ban taɓa so a manta da yarona ba. Amma duk wanda ya kira ni, sai ya fara kiran wanda babu. Maigidana ne kaɗai yake kirana da sunan da uwata ta raɗa mini, shi ma ya tafi.

Ke kaɗai kika taɓa tambayata sunana, ranar da kika fara kunna rikodarki. Na faɗa miki sau biyu, har na gyara miki yadda ake rubuta na biyun. Na koma ɗaki ranar ina jin daɗi kamar yarinya. Na ce, to, ko na mutu, ko an kwashe ni an kai Gabas, akwai takarda a Kano da ta san ni. Da littafi ya fito na sa tabarau na duba daga farko har ƙarshe. Na ga tukunyata, na ga ganyena, na ga maganata da bakina. Ni ce kawai babu.

Batun ranar da gari zai ɓaci kuma, ki gaya masa gari ya ɓaci a kaina ba sau ɗaya ba. Duk ranar da ya ɓaci, matan da na yi wa wanka ne suke zuwa su sa mini hijabi su shigar da ni ɗakinsu. Ba littafi ya ɓoye ni ba.

Ki nuna masa takardar nan in kin ga dama, Farfesa ne ko farfesu. Ni na gama magana.

Florence Uzochukwu


Gyadi-Gyadi, Kano
2 ga Oktoba

Malam,

Ina gaisuwa, tare da neman afuwa tun kafin in fara, don yau ɗalibarka za ta yi gardama. Kai ka koya mini, sai ka yi haƙuri da abin da ka shuka.

Ga takardar Maman Austin na haɗo maka, da izininta. Ka yafe mata batun farfesu, ita a wajenta babu abin da ya kai shi daraja.

Na yi ta juya maganarka ta alkunya, kuma gaskiya ce, amma rabi. Sa'ad da Hajiya Hajara, Allah Ya ji ƙanta, take cewa "Malam", akwai wanda ya taɓa ɗauka mai kifin Unguwar Gano take nufi? Alkunya tana aiki ne don kowa ya san wanda ake nufi. Suna yana nan daram, baki ne kawai yake kauce masa. Abin da muke yi a littattafanmu daban ne. Mu cire sunan muke yi mu dasa wani, har mai shi ya nemi kansa ya rasa. Kalma ɗaya muke amfani da ita, sakayawa, amma abu biyu ne.

Ban ce a rushe ƙa'idar ba. Dattijonka na ƙauye yana da haƙƙi a kanmu har gobe. Amma ka duba, Malam: shi ba a tambaye shi ba aka faɗi sunansa, ita ba a tambaye ta ba aka ɓoye nata. Kullum muna alfahari cewa aikinmu sauraro ne, mu ne masu zama a kan tabarma ba masu leƙowa ta tagar mota ba. Na shekara uku ina sauraron matar nan a kan zafin ruwa da kunun kanwa da yajin jego. Yanzu ta faɗi abu ɗaya da take so, sai mu ce mun fi ta sanin abin da ya dace da ita?

Na koma gidan rediyon makon jiya. Na faɗa wa jama'a cewa Madam Precious sunan aro ne, ban kuma faɗi na gaskiyar ba, don har yanzu ni 'yar ƙungiya ce mai bin doka. Na yi bayanin dalilin ƙa'idar, da dalilin da ya sa nake so a gyara ta. Masu kira suka cika layi. Wani mai shago daga Darmanawa ya ce shi in an rubuta shi a ɓoye sunansa, surukinsa na karatu. Wata kuma ta ce ita a rubuta har da lambar gidanta. Ka ga abin da nake faɗa ke nan, kowa ya san nasa.

Sakataren ƙungiya, Dakta Temitope, ya kira ni ya ce na fitar da maganar cikin gida waje, kuma akwai masu neman a dakatar da ni. Na ce masa mutanen da muke rubutawa su ne cikin gidan. Ƙudurina yana kan jadawali, kuma zan tsaya a kansa ko ni kaɗai ce, in cikin nan ya bar ni na kai ranar.

Ba na jin daɗin saɓa maka, wallahi. Amma da in yi shiru ka yabe ni, gara in yi magana ka ji kunyata na kwana biyu.

A gaida Rukayya.

Ɗalibarka har kullum,
Tabita


Tarauni, Kano
9 ga Oktoba

'Yata Tabita,

Gaisuwa. Na karanta takardarki, na karanta tata sau uku. Rukayya ma ta karanta taki, ta kuma gaya mini wata magana da ba zan rubuta miki yanzu ba.

Ban yi miki alkawarin komai ba. Amma zan zo taron. Ki sa a ajiye mini kujera a gaba, inda zan iya ganin bakin mai magana.

Batun farfesu, ki ce mata na ji, kuma an taɓa kirana da abin da bai kai shi daɗi ba.

Malaminki,
Shehu


Tarauni, Kano
23 ga Nuwamba

Zuwa ga Madam Florence Uzochukwu,

Gaisuwa ta girmamawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da iyalinki na nan da na Gabas. Ni ne Shehu, malamin Tabita, wanda ya rubuta ƙa'idar da ta ɓata miki rai. An ce kin ƙi zuwa taronmu, shi ya sa na ga ya dace in kawo miki shi a takarda.

Kafin nan, ga abin da 'yata Rukayya ta gaya mini. Haihuwarta ta fari a Gyadi-Gyadi ta yi, mahaifiyarta ba ta daɗe da rasuwa ba. Ta ce wata maƙwabciya ce ta shigo da tukunya da itace ba tare da an kira ta ba, ta yi mata wanka har arba'in, tana zaginta in ta ƙi shan kunu. Jikan nawa yanzu yana sakandare. Na tambayi Rukayya sunan maƙwabciyar, ta ce Maman Austin. Na ce sunanta na yanka fa? Ashe ba ta san shi ba, sai hawaye.

Ranar taro Tabita ta hau dandamali tana dafe da ƙugu. An yi ta musu, wasu da hujja mai kyau, wasu da hayaniya, na kuma gode wa Allah da ba na jin ta biyun. Wani ya miƙe ya maimaita maganata, cewa sakaya suna girmamawa ce. Sai ta yi wa na bakin ƙofa alama. Matan layinku suka shigo, masu hijabi da masu ɗankwali, wasu da goyo, wasu da 'yan mata da suka fi su tsawo, Rukayya na cikinsu. Ta ce duk wadda Maman Austin ta yi wa wanka ta ɗaga hannu. Duk suka ɗaga. Ta ce duk wadda ta san sunanta ta bar hannunta a sama. Madam, hannuwan nan suka sauka ɗaya bayan ɗaya, har babu ko guda.

Ta juyo ta dube mu, ta yi magana a hankali don in iya karanta bakinta. Ta ce, "Ni na sani, amma dokarku ta hana ni faɗa, kuma ba zan karya ta ba. Ku gyara ta."

Na shekara da yawa ina koyarwa, ban taɓa jin alfahari da ɗalibi kamar na wannan lokacin ba. Na miƙe da sandata na ce ni na rubuta ƙa'ida ta bakwai, kuma ina neman a ƙara mata jimla ɗaya: a sakaya suna, sai fa in mai sunan ya ce a faɗa, bayan an gaya masa duk abin da zai iya biyo baya. Aka ƙirga hannuwa, ƙuduri ya wuce. Dakta Temitope, wanda ya so a dakatar da ita, shi ya fara kawo mata kujera.

To, sabuwar ƙa'ida ta ce a tambayi mai suna, ga ni ina tambaya. Littafi yana zuwa inda ba a aike shi ba, kuma ba kowane mai karatu ne mai fatan alheri ba. Kin san garin nan fiye da yadda zan gaya miki. Da sanin haka, kina so a rubuta sunanki? In kin ce a'a, babu mai ganin laifinki.

Da Tabita ce za ta tambaye ki da kanta, amma washegarin taro naƙuda ta kama ta, tun lokaci bai gama cika ba. Ta sauka lafiya, an samu mace. Gobe za a sallame su, kuma kin san gidan babu uwa.

Na gode da abin da kika yi wa Rukayya. Allah Ya saka da alheri.

Naki cikin girmamawa,
Shehu


Gyadi-Gyadi
Ranar Talata

Tabita,

Barka da arziki, sannu da jiki. Ga farfesu nan a kula, ki shanye shi da zafinsa. Kifin daga shagon Precious ne, da kaina na je na saya, ta rasa inda za ta sa idonta.

Ki gaya wa malaminki na ji, na gane, kuma a rubuta. Da manyan baƙaƙe, don idona ya yi rauni.

Na kira yarana na ce ba na zuwa da Kirsimeti, ina da aiki har arba'in. Bayan nan ma gani. Daniel ya nemo itace mai kyau, ba irin jiƙaƙƙen da ya kawo wa matar maƙwabcinku Adewale ba. Ganye ni zan zo da shi, da la'asar ina nan tafe.

Daniel ya gaya mini sunan da kuka sa wa yarinya. Na yi kuka, ba sai na ɓoye miki ba. Amma da sharaɗi. Na san halin mutanen layin nan, za su ce sunan babba ne, a sakaya, a riƙa ce mata Mami ko Ummi. Ban yarda ba. In ta yi wayo ta fita wasa, ki tsaya a bakin ƙofa ki kira ta da sunanta, da ƙarfi, yadda za a ji har ƙarshen layi. In ina kusa, mu biyu za mu amsa.

Taki,
Florence